Yadda Bahago Zai Tsara Zamansa da Kayan Aikinsa a Duniyar Masu Dama

Na kai shekara ashirin da 'yan kai ina ganin ban iya yanka da almakashi ba. In na kama takarda sai ta lanƙwashe tsakanin bakunan biyu, in ƙyalle ne sai ya tauna shi, layin da nake bi kuma ya ɓuya mini. Ranar da na fara riƙe almakashin da aka ƙera don hagu, na yanke takarda sak tun daga wannan baki har wancan, sai na tsaya ina kallon hannuna. Ashe duk shekarun nan lafiyarsa ƙalau, kayan da ake miƙa masa ne ba nasa ba.

Mutum 1 cikin kowane 10 bahago ne. Wani babban nazari da aka fitar a 2020, wanda ya tattara bayanan mutane sama da miliyan 2, ya sami kashi 10.6 cikin ɗari, kuma maza sun ɗan ɗara mata. Tunda tara cikin goma masu dama ne, maƙera da masu zana kaya su suke kallo. Shi ya sa kusan duk abin da ke da hannu, ko baki, ko maɓalli, an gina shi ne da zaton da dama za a kama shi. Har harshe ma ya bi sahu: in magana ta murɗe mukan ce bahaguwar magana ce, a Faransanci kuma kalmar hagu ita ce ake faɗa wa mutumin da bai iya hannunsa ba. Abin da ke tafe matakai ne da bahago, ko uwa da uban yaro bahago, ko malaminsa, za su bi don a gyara zama da kaya a bar hannun ya yi aikinsa.

Mataki na farko: san wane hannu ke yin me

Kafin ka sayi komai ko ka sauya komai, ɗauki takarda ka raba ta gida uku: hagu, dama, da duka biyu. Sai ka gwada waɗannan ayyuka da gaske, kada ka amsa da ka: rubutu, zane, jifa, yanka da almakashi, goge haƙori da buroshi, riƙe wuƙa, riƙe cokali, hannun da ke sama in ka kama doguwar tsintsiya, ƙyasta ashana, da buɗe murfin akwati. Waɗannan goma su ne ma'aunin da wani masani mai suna Oldfield ya tsara a Edinbara a 1971, kuma har yau masu bincike da shi suke aiki.

Za ka iya mamakin abin da zai fito. Bahagwai da yawa ba hagu zalla ba ne. Wani yana rubutu da hagu yana jifa da dama, wani akasin haka. Rafael Nadal da hagu ya buga tanis har ya cinye manyan kofuna, amma da dama yake rubutu. Ƙara ƙafa da ido a lissafin. Ƙafar da kake harba ƙwallo da ita ka riga ka san ta. Ido kuwa, miƙa hannuwanka biyu ka haɗa yatsu su bar 'yar kafa, ka leƙa wani abu mai nisa ta cikinta da ido biyu a buɗe, sannan ka rufe ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai gusa ba in ka bar shi a buɗe, shi ne jagora. Wannan zai yi maka amfani a duk aikin da ake saiti.

Amfanin takardar shi ne kada ka ɓata kuɗi da lokaci a kan abin da hannunka na dama ya riga ya iya. Inda ka rubuta hagu, can za a yi gyara.

Ga iyaye kuwa, yaro yakan fara nuna hannun da ya fi so wajen shekara 2 zuwa 3, ya zauna daram tsakanin 4 zuwa 6. Hanyar ganewa ita ce ka ajiye abu a tsakiyar gabansa, ba kusa da wani hannu ba, ka ga wanne zai miƙo, ka maimaita kwanaki da yawa da abubuwa daban-daban. Amma jaririn da bai cika shekara ba in ya nace wa hannu guda yana barin ɗayan a dunƙule ko a sake, a kai shi likita ya duba, domin hakan na iya zama alamar rauni a ɗaya ɓarin.

Mataki na biyu: daina yaƙi da hannun

Za a ce maka icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne a tarbiyya, amma hannu ba hali ba ne da aka koya. Masu bincike a birnin Belfas na Arewacin Ireland sun kalli 'yan tayi ta na'urar hoton ciki, suka ga tun wajen mako 15 mafi yawa suna tsotsar babban yatsan dama, kaɗan na hagu, kuma da suka bi yaran bayan shekaru, zaɓin nan na ciki ya yi daidai da hannun mafi yawansu. Ɓarin dama na ƙwaƙwalwa ke tuƙa hannun hagu, ɓarin hagu ke tuƙa na dama, kuma rabon aikin ya fara kafin a haifi mutum. Gado yana da hannu a ciki, amma nazarin tagwaye ya nuna bai wuce wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba. Ko uwa da uba duka bahagwai ne, mafi yawan 'ya'yansu masu dama suke fitowa. Don haka babu wanda ya yi sakaci, babu kuma wanda ya koya wa yaron.

In an tilasta wa yaro komawa dama, zai iya koyon rubutu da ita, amma da tsada: jinkiri, gajiya, rubutu marar kyau, da tsanar alkalami gaba ɗaya. Sarki George na 6 na Ingila bahago ne da aka tilasta wa rubutu da dama tun yana ƙarami. Abin ya yi yawa a zamanin da, har ya ɓata lissafin masana. A 1991 wasu masu bincike biyu, Halpern da Coren, suka fitar da cewa bahagwai suna riga masu dama mutuwa da shekara 9, labarin ya zaga duniya ya tsorata iyaye. Daga baya aka gano inda kuskuren yake. A cikin waɗanda aka haifa wajen 1900, kusan kashi 3 kacal ke rubutu da hagu, saboda an juya sauran tun suna yara. Tsofaffin bahagwai suna nan da ransu, sai dai an ƙirga su cikin masu dama. Na kawo wannan ne don har yau ana yaɗa maganar, kuma na ga uwar da ta hana kanta barci a kanta.

In kai babba ne da aka juya tun kana yaro, kuma rubutun dama ya zauna maka ba tare da ciwo ba, babu dole sai ka koma. In kuwa kana so, fara da minti 10 a rana, da zane da manyan haruffa, ka ba abin watanni.

Mataki na uku: rubutu

Nan ne zan fi daɗewa, domin nan ne aka fi cutar da yaro bahago, kuma nan ne gyaran ya fi sauƙi.

Rubutun boko daga hagu yake tafiya zuwa dama. Mai dama yana jan alkalami, hannunsa na gudu a gaban tawada, idonsa na ganin abin da ya rubuta. Bahago tura alkalamin yake yi, bakin na cakar takarda, hannun na bin bayan tawadar yana shafe ta, yana kuma rufe kalmar da aka gama. A rubutun Larabci da ke tafiya daga dama, lamarin juyawa yake yi, bahago ne ke ja. Yaron da ba a nuna wa dabara ba zai nemo tasa: ya lanƙwasa wuyan hannu kamar ƙugiya ya sauko wa layi daga sama. Yana ganin rubutunsa, amma bayan shafi biyu wuyan hannu da kafaɗa sun ɗau zafi. Ga yadda ake kauce wa hakan.

Fara da wurin zama. In benci ko tebur na mutum biyu ne, bahago ya zauna a gefen hagu, don gwiwar hannunsa ta sami fili kada ta riƙa karo da ta maƙwabci. In su biyu duka bahagwai ne, babu matsala. Kujera ta ɗan fi ta sauran tsayi kaɗan, yadda zai hango bakin alkalami ta saman hannunsa. Haske ya zo daga dama, in daga hagu ya zo inuwar hannu za ta faɗa kan layin. Kujerar nan mai haɗe da ɗan allon rubutu a hannun dama kuwa azaba ce ga bahago, tana sa shi murɗe baya na tsawon sa'o'i. A nemi mai allo a hagu tun kafin ranar jarrabawa. In babu, ya jawo kujerar da ke hagunsa ya yi rubutu a kan allonta, ko ya roƙi tebur.

Sai takarda. Ajiye ta a hagun tsakiyar jikinka, ba a gaban ƙirji ba. Juya ta yadda hannun agogo ke juyawa, kusurwar sama ta hagu ta yi sama, ta dama ta sauko kusa da kai, wajen digiri 30 zuwa 45. Ma'aunin da ya fi kowanne sauƙi shi ne gefen takardar ya yi layi ɗaya da damtsenka na hagu. Ga yaro, manna tef a kan tebur a siffar kusurwar takardar, kullum ya ɗora ta a wurin har ya saba. Hannun dama ya danne takardar daga gefen dama, nesa da layin da ake rubutawa, yana tura ta sama in an sauko ƙasan shafi.

Sai riƙo. Babban yatsa da manuni su kama alkalami, ya kwanta a kan yatsan tsakiya, amma a ɗan ja baya, wajen santimita 2.5 zuwa 3 daga baki. Wannan 'yar tazara ita ke buɗe wa ido hanya. A naɗa 'yar roba a wurin don yatsu su san inda za su tsaya. Wuyan hannu ya miƙe, hannun ya zauna a ƙarƙashin layi, gindin alkalami na kallon gwiwar hannun hagu ko kafaɗa. In ka ga farcen yaro ya yi fari don matsi, ko rubutun ya fito ta bayan takarda, tsaya a sassauta. Gwada sa masa kwali mai laushi a ƙarƙashin takardar, in ya danna da ƙarfi zai huda, da kansa zai rage.

Haruffa ma suna da 'yan dabaru. Gajeren layin da ke gicciye a t da f da H, bahago ya ja shi daga dama zuwa hagu, domin ja ya fi turi sauƙi, kuma ba mai gane bambanci a rubutun. Amma masu zagaye irin su o da a da d da ɗ, a bar su a kan hanyar da aka saba, wato a fara daga sama a zagaya ta hagu, don in an zo haɗa haruffa kada a sha wahala. Dabarar nan ta sa yatsa tsakanin kalma da kalma ba ta yi wa bahago, hannayensa sarƙewa suke yi. A ce masa ya bar filin da harafin o zai shiga. In malami zai ba da kalmomin kwafa, ya rubuta su a saman shafi ko a gefen dama, domin na gefen hagu hannun yaron zai rufe su.

Ƙananan yara, masu dama da bahagwai, sukan juya harafi ko ma kalma sukutum kamar a madubi har wajen shekara 7. Kada a tayar da hankali. A ɗiga alama mai launi a gefen hagu na kowane layi, a ce daga nan ake tashi. Shahararren mai zanen nan na Italiya, Leonardo da Vinci, wanda bahago ne, ya cika littattafan ajiyarsa da irin wannan rubutu daga dama zuwa hagu, yana babba kuma da gangan.

Game da abin rubutu, nemi biro mai tawadar da ke bushewa nan take kuma mai sulɓi, wanda ba sai an danna ba. Gwada shi kafin ka saya: rubuta kalma, ka ƙirga biyu, ka shafa yatsa. Fensir mai tauri irin HB ko H ya fi 2B rashin shafewa. Littafi mai waya a gefe yana cin gefen hannu, don haka ko ka sayi mai waya a sama, ko ka juya shi ka fara daga baya wayar ta koma dama. Abin fiƙe fensir na yau da kullum yana so a juya fensir ta hanyar da ba ta zo wa hagu daidai ba. Riƙe fensirin cik da hagu ka juya abin fiƙewar da dama, magana ta ƙare. In za ka ja layi da rula, ja daga dama zuwa hagu.

Wanda ya riga ya girma da riƙon ƙugiya kuma ba ya jin ciwo, ya ci gaba da abinsa. Barack Obama haka yake sa hannu a takardu. In akwai ciwo, kada ka fara da yaƙi da yatsu. Juya takardar tukuna, za ka ga wuyan hannun ya fara miƙewa da kansa.

Mataki na huɗu: almakashi da wuƙa

In kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, almakashi za ka saya. Dalilin yana cikin ƙirarsa. Bakuna biyu ne ke goga juna, kuma a na masu dama bakin da ke sama yana gefen dama. In hannun dama ya matse, babban yatsa na turawa, sauran na jawowa, sai bakunan su haɗe su yanka. In hannun hagu ya yi wannan motsin, raba bakunan yake yi, takarda ta shige tsakani. Ga shi kuma bakin saman ya tsaya tsakanin idonka da layi. Kifa almakashin ba ya canja komai, ko ta ina ka juya shi bakin dama ne a sama.

Don haka a kula da abin da ake sayarwa da sunan na kowane hannu. Mariƙin kawai aka daidaita, bakunan na dama ne. Ga gwajin da ba ya ƙarya: buɗe almakashin, ka sa tsininsa ya kalli gaba. In bakin da ke sama yana hagu, naka ne. In yana dama, ajiye shi ko da me aka rubuta a kwalinsa.

In ka samu, ba wa kanka 'yan kwanaki. Hannun da ya shekara yana murɗa na dama zai ci gaba da murɗawa, idon kuma zai leƙa ta gefen da ya saba. Saki hannu, ka kalli layin ta gefen dama na bakin. In za ka yanke da'ira, bi ta yadda hannun agogo ke tafiya, hannun dama na juya takardar. Ranar da kuma ka sami kanka babu sai na dama, juya matsin: babban yatsa ya jawo ciki, sauran su tura waje. Zai yanka, sai dai ba za ka daɗe ba yatsa zai yi kanta. Tela, wanzami, mai gyaran gashi da ma'aikacin asibiti da ke yini da almakashi a hannu, kada su yi wa kansu rowa a nan.

Wuƙar da aka wasa ta gefe biyu ba ruwanta da hannu. Wadda aka wasa ta gefe guda, da yawancin masu haƙora irin na zarto, su ne ke karkacewa a hannun hagu, ka fara yanka siriri ka ƙare da kauri. Duba bakin a haske kafin ka saya. Ludayi mai leɓe a gefe guda, kofin awo da lambobinsa ke komawa baya in ka kama da hagu, mabuɗin gwangwani mai murɗawa, duk akwai irinsu masu leɓe biyu ko lamba ta fuska biyu, su za ka zaɓa.

Mataki na biyar: inda dole ka bi ƙirar inji

Duk abin da na faɗa a baya cewa nake a gyara kaya a bar hannu. A nan kuwa akwai inda zan ce ka saurara wa injin, domin kuskurensa ba a gyara shi da gogewa.

Injin zarto mai sarƙa na sare itace an ƙera shi ne a riƙe hannun baya da dama, na gaba da hagu, kuma masu ƙera shi suna rubuta cewa ko bahago haka zai riƙe. In ka juya riƙon, sarƙar ta dawo daidai layin jikinka da fuskarka, birkin da ke tsayar da ita in injin ya yi tsalle kuma ba zai yi aiki yadda aka tsara ba. Koyi riƙon dama a hankali a gaban wanda ya iya, ko ka bar wa wani aikin.

Sauran injuna kuwa, bi wannan tsari kafin ka kunna kowanne. Cire shi daga wuta, ka riƙe shi yadda za ka yi aiki. Duba ina maɓallin kashewa yake, kuma wane hannu zai kai gare shi ba tare da ya gitta gaban baki ba. Duba ko tafin hannunka na danna wani abu ba da saninka ba. Injin huda da yawa yana da ɗan maɓalli a gefen hagu na mariƙi, wanda ke kulle shi ya ci gaba da juyawa. An sa shi don babban yatsan mai dama, amma tafin bahago kan danne shi, ka saki maɓallin kunnawa injin bai tsaya ba. Ya taɓa faruwa da ni, bakin ya cije a katako injin ya fizge mini wuyan hannu, na yi mako ban riƙe biro ba. Duba kuma ta ina tartsatsi ko garin katako ke fita. Injin yanka ƙarfe da goge shi yakan zo da ramin mariƙi ta gefe biyu, sai ka kwance mariƙin ka mayar inda ya dace, ka juya murfin kariya ya bi. Murfin nan kada ka cire shi don ka ga layi. Tufafi masu faɗin hannu da wayar wuta su koma gefen da ba ya kusa da baki.

Sukudireba da noti suna da nasu labarin. Ana ɗaurewa ne ta hanyar hannun agogo, kuma wannan juyin a hannun dama shi ne mai ƙarfi, domin ƙwanjin damtse na taimakawa. A hagu juyin kwancewa ne mai ƙarfi. Saboda haka in noti ya ƙi kwantuwa kai za a kira, in kuma ɗauri na ƙarshe ake so, ba laifi ka miƙa wa hannun dama.

Babur da mota ba a sauya su: totur da birkin gaba a dama, kuloci a hagu. A motar da sitiyarinta ke hagu da dama ake sa giya, a Ingila da Japan da Indiya kuwa da hagu. Kowa da hannu biyu yake koyon tuƙi, bahago ba ya baya a nan. Keken ɗinki ma ya yi mana adalci, tunda hannun hagu ne ke lura da ƙyalle a bakin allura.

Mataki na shida: kwamfuta, waya da agogo

Wannan ba ya cin minti biyar. Mayar da linzamin kwamfuta hagun allon madannai, ka shiga saituna ka sauya babban maɓalli ya koma na dama, don manuninka ya hau shi. Sayi linzami mai siffa ɗaya ta kowane gefe. Tunda hagu ta kama linzami, kwafa da mannawa da aka saba yi da hagu za su yi maka nisa. A Windows, Ctrl da Insert suna kwafa, Shift da Insert suna mannawa, duka da hannun dama. Bahagwai da yawa kuma sun gwammace su bar linzamin a dama, hagu na riƙe da biro suna rubutu a lokaci guda, ni ma haka nake yi. A waya akwai saitin da ke matso da madannai gefen hagu. Agogo a ɗaura shi a dama don kada ya riƙa gogar takarda.

Mataki na bakwai: yadda za ka koyi aikin hannu daga mai dama

Ɗaurin igiyar takalmi, saƙa, ɗinkin hannu, ƙulli, ɗaurin bandeji, duk akan koya su ne da kallo, kuma mai koyarwa yakan ce zo ka zauna kusa da ni. Ga bahago wannan zaman ne ke rikita komai, domin sai ya juya kowane motsi a kansa kafin ya yi. Zauna a gabansa fuska da fuska, ka zama madubinsa: hannunsa na dama yana daidai da naka na hagu, abin da ya yi ka yi. Roƙe shi ya daina cewa dama da hagu, ya ce hannun aiki da hannun riƙo. In daga bidiyo kake koyo, juya hoton a manhaja, ko ka ajiye madubi a gefen allon ka kalli madubin. In zane ne a littafi, ɗauki hotonsa ka juya.

A wasanni ƙarancinmu riba ne. Ɗan dambe ko ɗan tanis mai dama ya saba da masu dama, in ya haɗu da bahago sai komai ya zo masa ta inda bai zata ba, alhali bahago kullum da masu dama yake karawa. Ɗan damben nan Manny Pacquiao da tsayuwar hagu ya yi suna. Kada koci ya juya yaro don sauƙin koyarwa. Wasanni kaɗan ne doka ta rufe ƙofa: sandar hokin fili ta dama ce kawai, a folo ma da dama ake riƙe sanda don kada dawaki su yi karo.

A makaranta ko wurin aiki, faɗi buƙatarka tun ranar farko, a fili kuma a taƙaice: ni bahago ne, ina son kujerar gefen hagu da almakashin hagu. Mafi yawan masu dama ba mugunta ke sa su manta ba, ba su taɓa lura ba ne. In kai malami ne, ƙirga bahagwan ajinka a makon farko. A aji mai yara 40 ka sa ran wajen 4. Zaunar da su a gefen hagu na benci, ka ware musu almakashi mai mariƙi na wani launi don kada ya ɓace cikin sauran, sannan ka zagaya bayansu ɗaya bayan ɗaya ka juya musu takarda.